Saki a Gaban Kyamara

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Ya san abin da baki ya faɗa da abin da zuciya ta nufa.

A Kurfi aka haife ni, a gidan karatu. Mahaifinmu, wanda har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, yana da makaranta a zauren gidanmu, da safe yara masu allo, bayan la'asar kuma manya masu littattafai. A hannunsa na iya riƙe alƙalami, kuma har yau in zan tsara labari da ajami nake fara rubuta shi.

Majigi ne ya fara karkatar da ni. Mota takan zo bayan an kai amfanin gona gida, a kafa farin ƙyalle a filin kasuwa, a nuna yadda ake zuba taki ko amfanin allurar rigakafi. Jama'a suna kallon ƙyalle, ni kuwa mai bayani nake kallo, mutumin da ke riƙe da lasifika yana sa wa kowa magana a baki. Ya yi muryar tsohuwa, ya yi ta ɗan doka, ko jaki ne ya gilma sai ya ba shi abin faɗa. Washegari sai in tsaya a tsakar gida ina kwaikwayonsa, ƙanwata Auta tana dariya har ta ƙware. Ita ce 'yar kallona ta farko.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in na sami aikin koyar da Arabiyya a wata firamare a Dutsin-Ma. A can na haɗu da wani tela mai shago kusa da tasha, dogo, mai faɗin baki, wanda ko gaisuwa ya yi maka sai ka dara. Shi ya tara mu, malaman makaranta da leburori da wani mai gyaran rediyo, muka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Muka naɗa shi shugaba, daga nan sunan Ciyaman ya bi shi, har uwarsa ta koma kiransa da shi.

Mu ba ma haddace magana. Ni nakan rubuta ƙashin labarin a takarda guda, in karanta musu: wane zai shigo, za su yi faɗa da wance, maƙwabci zai raba. Sauran kowa ya sa nama da bakinsa. Mata kuwa ba sa shiga, don haka namiji ke ɗaura zane. Ni ne siriri a cikinmu, gemuna bai taka kara ya karya ba, muryata kuma tana hawa sama, sai matan wasa duk suka zama nawa.

Wasan da aka fi so shi ne na wani magidanci da ke yini a wurin dara, ya dawo yana kushe tuwo. Ciyaman ne mijin, ni ce matar. Kullum faɗan yakan hau, ya hau, har ya miƙe ya nuna ni da yatsa ya yi mini saki uku, sannan ya bi gari yana kuka yana neman mai ba shi tuwo. Ya sake ni a filin makaranta, ya sake ni a gidan biki, ya sake ni ranar sallah a dandalin Ɗantutture mutane suna faɗuwa don dariya. Da labari ya kai wa Malam, abin da ya ce mini kawai shi ne, "An ce ka iya ɗaurin ɗankwali." Na sunkuyar da kai. Bai ƙara ba, ni ma ban daina ba.

Ciyaman yakan raka ni Kurfi ranar kasuwa, a nan ya ga Auta, ita ma ta gan shi. Ba a sha wahala ba aka ɗaura aure, ta tare a Dutsin-Ma, shekara ta kewayo ta haifi 'ya mace. Gidansu ya zama wurin gwajinmu. Tana bakin murhu da goyo a baya tana kallonmu, ba ta raga mini ko kaɗan.

"Yaya, don Allah matar wa ka taɓa gani tana zama haka, ƙafa gabas ƙafa yamma? Ko ni ce mijinka sai na kore ka."

Ciyaman ya ce, "Ai shi ya sa kullum nike sakinta. Dubi wuyanta kamar na zalɓe."

"Kai kuma mai bakin kwarya, wa ya sa da kai? Yaya, mace in ta yi fushi ba ihu take fara yi ba. Shiru take yi, ta ajiye kwano da ƙarfi."

Rabin abin da aka yabe ni da shi a wasan mata, daga bakin murhun nan na ɗauko shi.

A farkon shekarun tamanin, lokacin ba a ba mu jiharmu ba tukuna, wasu mutanen talabijin suka zo daga birni suna neman wasannin ƙauye. Aka kai su wurinmu, muka yi musu wasan ɗan dara. Mai shirin, wani ɗan boko mai tabarau, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya kira mu gefe. Ya ce wasa ya yi, kuma in ya karɓu akwai aiki a birni ga wasunmu. Amma kyamara ba kamar idon ɗan kallo ba ce, tana matsowa har maƙogwaro. Namiji da zane ba zai yiwu ba, sai mace ta gaske.

Muka bi gari ba mu samu ba. Wadda iyayenta za su yarda babu, wadda ba ta da mai hana ta kuma gari ba zai yarda da mu ba in muka sa ta. Da baƙin suka fara maganar juyawa, Ciyaman ya ce, "To ni mi ya hana in yi da matata? Ba wanda zai ce na taɓa matar wani." Auta ta ce ai dama ta gaji da ganin ana ɓata wa mata suna.

Ba a cikin jahilci muka shiga ba. Ni ɗan gidan malamai ne, ita ma haka, mun sani tun muna yara cewa aure da saki da kome, wato mai da matar da aka saka, ba a wasa da su, wanda ya faɗa da wasa ya faɗa da gaske. Don haka muka sauya ƙarshen labarin. Ni zan zama maƙwabci. Faɗa zai hau, amma kafin ya kai inda ya saba kaiwa zan yi sallama in shigo in raba. Muka gwada haka sau da yawa a gidansu, kullum ina shigowa a kan lokaci, Auta tana ce mini maƙwabcin banza mai shisshigi.

An ɗauki wasan ne bayan azahar, a tsakar gidan wata tsohuwa da ke gindin dutse, don gidanta yana da fili da haske. Mai kyamara wani Kirista ne daga kudu, mai fara'a, Hausarsa irin ta bariki. Mai shirin ya tara mu ya kafa mana doka. Batir ɗinsu ya yi ƙasa, kaset kuma ɗaya ya rage. In an fara ba mai tsayawa, ba mai kallon kyamara, kuma ba mai shiga sai ya dafa masa kafaɗa. Mun gaya masa maƙwabci zai shigo ya raba, amma ba mu gaya masa dalili ba. Mu a wurinmu abu ne da ko yaro ya sani.

Aka fara. Ban taɓa ganin wasa irin na ran nan ba. Auta ta ajiye kwanon tuwo da ƙarfi ta koma gefe ta yi shiru. Ciyaman ya ɗanɗana ya yatsine fuska.

"Wannan tuwo ne ko yaɓe? In kai ma magina su toshe ɓaraka."

"Ka kai ma abokan dararka. Ai su ka aura, ni haya nike."

"Ni kike faɗa ma haka?"

"Da wa nike faɗa mawa, katanga? Ita ma ta fi ka zama a gida."

Matan da suka leƙo ta kan danga suka toshe baki da mayafi. Ni ina bakin zaure na ji faɗan ya kai inda nake shiga, na ɗaga ƙafa. Mai shirin ya riƙe mini hannun riga. Idonsa yana kan 'yan wasa, fuskarsa cike da murna, ya ɗaga mini yatsa alamar in ɗan jira, abin yana daɗi. Na fizge, ya ƙara riƙewa. Ciyaman ya waiwayo wajen ƙofa bai gan ni ba. An ce kada ya tsaya. Ya miƙe tsaye, hannunsa ya ɗaga ya nuna ta, kamar yadda ya ɗaga a kaina shekara da shekaru, bakinsa kuma ya bi hanyar da ya sani.

"Je ki, na sake ki. Saki uku."

Sai a lokacin aka dafa mini kafaɗa.

Na shiga ban yi sallama ba. Mai shirin ya yi tafi, yaran unguwa suka taya shi. Auta ma ta fara dariya, don wasan bai sake ta ba tukuna. Tsohuwa mai gidan ce, daga ƙofar ɗakinta, ta yi salati ta ce, "Yaro, ba matarka ba ce wannan?" Dariyar Auta ta tsaya. Ta dubi mijinta, ta dube ni, sannan ta jawo mayafinta ta rufe kanta a gabansa. Ciyaman ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, ya ce, "Wallahi yayanki nike gani. Wallahi shi nike ma magana."

A ranar muka shiga motar Kurfi mu uku da goyo. Muka tarar da Malam ya sallami masu karatu, muka durƙusa, na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya ce wa Auta ta shiga wajen Inna, mahaifiyarmu, sannan ya juya ga surukinsa.

"An tilasta ka?"

"A'a, Malam. An dai ce kada in tsaya."

"Da ka tsaya, me za a yi maka?"

"Ba komai."

"Rubuta maka maganar aka yi, kana karantawa?"

"Mu ba mu rubutawa, Malam."

"Wadda ke gabanka, ka san matarka ce?"

Ciyaman ya sunkuyar da kai. Malam ya daɗe yana kallon buzunsa. Sannan ya ce 'yarsa ce, don haka ba zai yanke da bakinsa ba, kada son zuciya ya shiga ta ko'ina. Ya tura mu wurin wani dattijon malami abokin karatunsa a cikin gari. Dattijon ya yi tambayoyi irin waɗannan, ya ɗauko littafi ya nuna mini wurin da yatsa, don ya san na iya karantawa. Saki ya faɗa, kuma ukun duk sun faɗa. Ba damar kome, ba sabon ɗauri, sai in ta auri wani, aure na gaskiya, ya rabu da ita don kansa.

Bayan kwana biyu sai ga mai kyamara a ƙofar gidanmu, ya sha hanya a kan babur. Ya cire takalmi tun daga nesa ya gaida Malam. Ya ce shi bai yi barci ba, kuma ya zo da magani: zai goge kaset ɗin, ba wanda zai gani, kamar ba a yi ba. Malam ya sa aka kawo masa fura, ya gode masa ƙwarai, ya ce Allah Ya saka masa da wannan tafiya. Sannan ya ce masa a hankali, "Ɗana, ba a cikin kaset ɗinka maganar take ba." Mutumin ya tafi yana share ido. Da ya tambayi Ciyaman ko ya goge duk da haka, Ciyaman ya ce a bar shi, aikin mutane da yawa ne.

Ciyaman bai haƙura ba. Ya rufe shago ya shiga yawon malamai, ni ma ina raka shi in ba makaranta. A Katsina muka sami wani matashin malami da ya yi karatu a ƙasar Larabawa. Ya saurare mu, ya ce akwai malamai na ƙwarai da ke ganin saki uku a kalma ɗaya guda ne, akwai kuma masu ganin mai kwaikwayo labari yake bayarwa, ba saki yake yi ba. A ganinsa, ya mai da matarsa. Ciyaman ya riƙe hannun malamin yana kuka kamar yaro. A mota yana ta ba direba dariya, har ya sayi rake ya raba wa fasinjoji.

Malam ya saurari wannan ma. Ya ce shi bai raina karatun kowa ba, amma abin da ya karanta a gaban malamansa ke nan, kuma a kansa zai mutu. Ya ce ba zai ɗaure ƙafar Auta ba, ba zai tsine mata ba in ta koma. Ita ce za ta kwana a ɗakin, ita za a tambaya.

Ni aka aika in tambaye ta. Na same ta a bayan ɗakin Inna tana tsince wake, yarinyar tana rarrafe a gefenta. Ta rame. Na faɗa mata duk abin da malamin Katsina ya ce, na ƙara da nawa, don ina so ta koma. Ta bar ni na gama.

"Yaya, kai mi ka gani a littafin da aka nuna maka?"

Na ce, "Littafi ba ɗaya ba ne, Auta."

"Na sani. Amma wanda aka karantar da ni ɗaya ne." Ta zubar da tsakuwar da ke hannunta. "Ina son shi, Allah Ya sani. Ko yanzu in na ji sallamarsa a zaure gabana faɗuwa yake. To in na koma, in haihu, kullum in na dubi ɗan zan ce na halas ne ko ba na halas ba? In yi sallah ina tambaya, in kwanta ina tambaya. Shi zai manta, shi mai dariya ne. Ni ba ni mantuwa."

Na ce mata ai ba da nufi ya yi ba.

"Wa ya ce da nufi ya yi? Da da nufi ne ai da sauƙi, sai in ji haushinsa."

Na fito na tarar da Ciyaman a zaure. Bai tambaye ni ba, fuskata ta gaya masa. Daga baya wasu abokai suka kawo shawarar a nemo wanda zai aure ta kwana kaɗan ya saki. Wannan kam Malam ya ɗaga murya a kai, ya ce ba a gidansa ba. Auta ma ta ce wasa ɗaya da aure ya ishe ta.

Ta yi iddarta a ɗakin Inna. Duk ranar kasuwa Ciyaman yakan zo da 'yan riguna da ya ɗinka wa yarinyar. A fito masa da ita zaure, ya yi mata muryar akuya da ta zakara har ta yi dariya, sannan a mai da ita ciki. Akan fito masa da abinci, kuma ya san hannun da ya dafa. Ba su ƙara ganin juna ba.

Cikin wannan lokaci aka nuna wasan. A Dutsin-Ma jama'a suka cika gidan kallon talabijin, na waje suna ɗage. Waɗanda suka san abin da ya biyo baya suka yi shiru a daidai wurin, amma su kaɗan ne, dariyar sauran ta rufe su. A birni an ce ba a taɓa ganin miji da mata da suka dace irin waɗannan ba. Aka aiko ana neman mu uku. Da wannan wasa na shiga sana'ar da na tsufa a cikinta, na ci abinci, na je Makka. Ciyaman ya riga ni suna, ya kuma riga ni tafiya lahira, Allah Ya jiƙansa. Ba a ƙara sa shi ya saki kowa a wasa ba, in labari ya zo da haka sai a ba wani.

Bayan damina ta wuce, wani manomi daga Birchi, ɗalibin Malam wanda matarsa ta rasu, ya nemi Auta. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya da yawan magana. Ta yi istihara ta ce ta yarda. Na san akwai masu fatan auren ba zai daɗe ba, ni ma na ɗan yi wannan fata, Allah Ya yafe mana. Ita kuwa ta ce wa Inna zama za ta yi. Ta zauna kuma, har ta ga jikoki a gidan.

An sa ɗaurin auren ranar da ya kamata mu kama hanyar birni. Na ce wa Ciyaman ya wuce, zan same shi a can. Ya ce to. Amma da hantsi, muna zaune a ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, sai na hango shi yana tahowa daga bakin hanya da jakarsa a kafaɗa, cikin farar riga. Mutane suka fara kallon juna. Ya gaida Malam, ya nemi wuri can baya wajen takalma ya zauna.

Ni Malam ya wakilta in ba da aurenta. Da liman ya tambaya, na ce na bayar. Aka shafa fatiha, na ga hannayen Ciyaman a sama tare da na kowa. Da aka watse ya taso ya miƙa wa angon hannu.

Ya ce masa, "Ba ta son a yi mata magana in tana tuƙa tuwo. Kuma in ta yi shiru, to ka yi laifi, ka nemo shi da kanka." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. "Yarinyar ta zauna wajen uwarta. Zan riƙa aiko mata da kaya."

Angon ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "In Allah Ya yarda."

Muka taka zuwa tasha ni da shi. A cikin gida mata sun fara guɗa. Bai waiwaya ba, ya dai tambaye ni ko motar Dutsin-Ma, inda za mu kama ta birni, ta cika.